Muryar da aka tura a guruf: amsar tambayar makaɗin nan Art Blakey

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ga bidiyon da ka turo, na dattijon nan baƙar fata mai furfura da ke dukan ganguna baki buɗe, da tambayarka cewa wai da gaske ne Musulmi ne, kuma wai a Najeriya ya koyi kiɗa. Rubutu zai yi mini yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya. Wanda ba shi da data ya bari sai dare.

To, sunansa Art Blakey. An haife shi a Pittsburgh ta Amurka, 11 ga Oktoba 1919, ya rasu a New York 16 ga Oktoba 1990, kwana biyar ke nan bayan ya cika 71, kansar huhu. Maganar Musulunci gaskiya ce. A ƙarshen shekarun 1940 ya karɓi sunan Abdullah Ibn Buhaina, abokan sana'arsa har ya mutu "Bu" suke ce masa. Lokacin makaɗan jazz, wato salon kiɗan baƙaƙen Amurka da shi ma yake yi, da yawa sun shiga Musulunci, akasarinsu ta hannun 'yan Ahmadiyya da ke wa'azi a biranen Amurka. Don Allah kada a mayar da guruf ɗin nan filin muhawarar aƙida, tarihi kawai nake ba ku.

Ita kuwa maganar ya koyi kiɗa a nan, a'a, a nan aka yi mata ƙari. Kafin ya tako Afirka ai ya riga ya zama gwani. Da fiyano ma ya fara. Shi da bakinsa yake ba da labari cewa mai gidan rawar da yake aiki ne ya ji wani yaro, Erroll Garner, ya fi shi hannu, sai ya kore shi daga kan fiyano ya ce koma kan ganga, har da nuna bindiga a cikin labarin. Blakey mutum ne mai iya zuba labari, a sa wannan a zuciya. Daga nan ya bi ƙungiyar Fletcher Henderson, a wannan yawon ne 'yan sanda a jihar Jojiya suka yi masa dukan da sai da aka sa masa ƙarfe a ka. Sannan daga 1944 zuwa 1947 yana ƙungiyar mawaƙi Billy Eckstine, wadda manyan makaɗan jazz irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Miles Davis duk suka ratsa ta cikinta. Wanda ya riƙe wa waɗannan mutane ganga, me ya rage a koya masa?

Bayan ƙungiyar ta watse ne ya zo Afirka ta Yamma. Kuma shi kansa baki biyu ya yi a kan tafiyar. Wani lokaci ya ce ya zauna shekara biyu don ya ga yadda mutane ke rayuwa da yadda suke kiɗa. Daga baya, a hirar da ya yi a 1979, ya ce shi ba ganga ta kai shi ba, aiki ne ya yanke masa, ya hau jirgin ruwa yana aikin ƙarfi a ciki don ya biya kuɗin hanya, ya je neman ilmin addini. Masu bin diddigi kuma sun ce shekara biyun nan ba ta cika ba, don akwai faifan da ya yi a New York a tsakanin. Har ma yakan ce jazz kayan Amurka ne, ba Amurka ba jazz, kada a jingina shi ga Afirka.

Amma ka lura da bidiyon naka da kyau, wajen tsakiya. Ka ga inda ya ɗora gwiwar hannu a kan fatar ganga yana dannawa, yana bugu da ɗaya hannun, muryar gangar tana hawa tana sauka? Abin da mai kalangu ke yi ke nan idan ya matse tsirkiya a hammata, sai dai shi fatar yake dannawa kai tsaye. To baki ya ce babu Afirka, hannu kuma ya faɗi nasa. Kuma a 1962 ya yi faifai guda, The African Beat, da Solomon Ilori, Bayarabe daga Najeriya mai gangar magana, da Yusef Lateef a busa. A ciki har da kiɗan Guy Warren na Gana. Iyakar alaƙar ke nan da za a iya kamawa da hannu.

Ni dai abin da ya sa nake girmama mutumin nan daban ne. Renon yara.

Ku saurara. 21 ga Fabrairu 1954, kamfanin faifai na Blue Note ya kai na'urar ɗauka gidan rawa na Birdland a New York, aka ɗauki wasan kai tsaye, da hayaniyar mutane da komai. Mai ƙaho a daren Clifford Brown ne, yaro ɗan shekara 23, wanda haɗarin mota ya ɗauke bayan shekara biyu. A cikin faifan za ka ji Blakey yana gaya wa 'yan kallo cewa shi da yara zai zauna, idan waɗannan suka tsufa zai nemo waɗanda suka fi su ƙuruciya, don hakan ne ke sa ƙwaƙwalwa ba ta barci. Mutane suka yi dariya. Ashe tsarin rayuwarsa ya faɗa musu, shekara talatin da shida yana kan wannan maganar.

Ƙungiyar ita ce Jazz Messengers. Shi da mai fiyano Horace Silver suka tayar da ita, Silver ya tafi a 1956 ya bar masa sunan. Ta ɗan yi sanyi, sai mai busa Benny Golson ya shigo a 1958 ya kawo 'yan garinsu Philadelphia, Lee Morgan a ƙaho, Bobby Timmons a fiyano, Jymie Merritt a bas. Su suka yi faifan Moanin', 30 ga Oktoba 1958. Kun san a ina aka ɗauka? A falon gidan iyayen injiniyan, Rudy Van Gelder, a Hackensack ta New Jersey, mutumin da da rana gwajin ido da tabarau ne sana'arsa. Lee Morgan shekararsa 20 a ranar. Kuma ga abin da nake so ku riƙe: kiɗan da ya ba faifan suna na Timmons ne, yawancin sauran na Golson. Maigida yana baya a kan ganguna. Haka yake yi, ya ɗauko yaro, ya ce rubuto naka mu buga, a sa sunanka. Da ya ga yaro ya kai, sai ya yaye shi ya ce je ka kafa taka. Wayne Shorter ya zauna daga 1959 zuwa 1964, shi ke tsara musu kiɗa, daga nan Miles Davis ya ɗauke shi. Freddie Hubbard, Cedar Walton, Curtis Fuller, Keith Jarrett, duk ta nan suka bi. Wani ubangidan in yaronsa ya fara suna sai a fara gaba. Blakey kuwa ko a jikinsa, ya riga ya hango na gaba.

Renon ma a kan ganga yake yinsa, ba da lacca ba. Akwai faranti biyu na ƙarfe da ake takawa da ƙafar hagu su haɗu, cas, cas. Blakey yana taka su a bugu na biyu da na huɗu, da ƙarfi, ba fashi, ko me hannuwansa ke yi. Mai busa ba shi da hanyar ɓata. Sannan in yaro ya fara lalaci a tsakiyar busa, sai ya danna sanduna biyu a kan ƙaramar gangar, su yi ta karkarwa, sautin ya taso daga ƙasa-ƙasa ya yi ta kumbura har ya fashe a kan babban faranti. Wannan shi ne tambarinsa. In ka ji shi a bayanka, ko ka tashi ko ka ba da wuri. Wasu na cewa ya cika ƙara, kuma gaskiya da tsufa kunnensa ya yi rauni sosai, ƙarar ta daɗu. Ni ban ga laifinsa ba, kiɗan nasa ba na gyangyaɗi ba ne.

Shekarun 1970 kasuwa ta faɗi, matasa sun koma wasu kaɗe-kaɗen. Japan, inda ya fara zuwa a Janairun 1961 aka karɓe shi hannu bibbiyu, da Turai, su suka riƙe shi. A 1971 ya yi yawo da su Dizzy da mai fiyano Thelonious Monk, har ya buga wa Monk a London. Abin sha'awa, Blakey ne ya buga wa Monk a faifan farko da Monk ya yi da sunansa, a 1947. Sai 1980 ga mai ƙaho Wynton Marsalis, bai cika 20 ba, ya shigo, bayansa Terence Blanchard, kasuwa ta dawo. Faifan Blakey na ƙarshe, One for All, a 1990 ya yi shi, watanni kafin rasuwarsa, kuma har lokacin yaran da ke gabansa sa'o'in jikokinsa ne.

Af, da na manta. In kana neman Najeriya a labarin nan, ta ɗaya gefen take. Tony Allen, mai gangar Fela, shi ne ya zauna a Legas yana sauraron faifan Blakey da na wani gwanin ganga, Max Roach, yana koyo. A 2017 ya fitar da ɗan faifai na girmama Blakey, a Blue Note ɗin dai, kafin ya rasu a Paris a 2020.

Mai son ji ya fara da Moanin', yana da sauƙin shiga kunne. Bayan nan Free for All na 1964, amma a sa abin kunne, lasifikar waya ba za ta fitar da gangunan ba. Ana kiran Magariba, sai anjima.