Tambayi Likita: Ta Ina Insulin Ke Bi Ya Isa Tsoka?

Tambaya: Likita, an ce jikina na yin insulin, har ma ya yi yawa, amma sukarina ya ƙi sauka. Yaya haka? Daga wani dattijo a Ƙofar Doka.

Amsa: Baba, insulin shi ne sinadarin da ke sa jiki ya kwashe sukari daga jini. Wanda ke yawo cikin jini baƙo ne da ya iso bakin ganuwa, bai shiga birni ba tukuna. Aikinsa na can cikin tsoka, wadda ke kwashe mafi yawan sukarin abinci. Kafin ya kai can sai ya ƙetare bangon ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashin kai siranta.

A hanta bangon kamar rariya yake, sai ya wuce abinsa. Kusan rabinsa ma nan hanta ke riƙewa. A tsoka kuwa ƙwayoyin bangon a manne suke. Sai wasu daga cikinsu sun ɗauki insulin ɗin daga ciki, sun tsallakar da shi, sun sauke a waje, kuma wannan dakon ba ya sauri. Teɓa da hawan jini na lalata bangon, ita kanta tsokar kuma ta riƙa yi wa insulin kunnen ƙashi. Ka riƙa ɗan tattaki bayan tuwon dare. Motsi na ƙara kwararar jini a waɗannan jijiyoyi, kuma tsokar da ke aiki na jan sukari ko da insulin bai iso ba. Amma kada ka ajiye maganinka.

Tambaya: Kullum a cinya ɗaya nake yin allurar insulin, wurin har ya yi kullutu. Da matsala? Daga wata uwargida a Tudun Wada.

Amsa: Akwai, Hajiya. Na san dalili, kullutun ba ya zafi, shi ya sa kowa ke komawa gare shi. To kitse ne ya taru, magani na shiga jini daga nan yadda ya ga dama: yau jinkiri, gobe sukari ya faɗi warwas. Ki riƙa sauya wuri, ko da tazarar yatsa ce. Fatar ciki ta fi cinya saurin kai shi jini. In za ki bar kullutun, ki fara ganin likitanki, don wataƙila a rage miki adadi.

Tambaya: Me ya hana a yi shi ƙwaya a haɗiya? Daga ɗalibi a Samaru.

Amsa: Malam, furotin ne, ciki zai narka shi kamar tsire. Tun 1921 da aka gano shi a Toronto ta Kanada ake neman dabarar.