Amsa: Maganin gargajiya na kumburin hantsar saniya

Malam, ka ce ɓangare ɗaya na hantsar saniyarka ya kumbura, madara na fita da gudaji, kana tambaya ko itace zai wadatar. Zai taimaka in ciwon bai yi nisa ba.

Fara da tatsa. Tatse nonon mai ciwo sarai duk bayan awa 2 zuwa 3, a zubar da madarar, shi za a tatsa ƙarshe don kada hannu ya kai ƙwayar cuta ga sauran. Wannan ya fi kowane shafi muhimmanci.

Haɗin da makiyayan Indiya ke amfani da shi: ganyen alobera giram 250, kurkum giram 50, lasho jiƙaƙƙe (farin garin da ake shafa wa bango) giram 15. A niƙa har ya zama jan kwaɓi. A ɗebi cikin hannu ɗaya, a dama da ruwa kamar mililita 200, a wanke hantsa, a shafe ta duka, sau 10 a rana, kwana 5. Kullum a yi sabon haɗi. In lasho ya yi yawa yana ƙona fata. Kurkum ana samunsa a Kasuwar Dole ta Damagaram. Ruwan dafaffen ganyen dogon yaro ko bagaruwa, in ya huce, yana da kyau wajen wanki kafin tatsa.

Kada a ɗura tafarnuwa ko wani ruwan itace cikin ramin nono, datti ake turawa ciki.

Amma in zafin jikinta ya wuce digiri 39.5, ta ƙi ci, madara ta koma ruwa-ruwa ko jini, ko hantsa ta yi sanyi ta yi baƙi, kira likitan dabbobi na Damagaram ranar nan. Bayan allura, a kiyaye kwanakin da ya ce kada a sayar da madara.