Hukuncin Tsallake Igiya a Gandun Daji

Tambaya: Malam, nakan je wani gandun daji da hukuma ta keɓe. An ware wa baƙi hanya, an kuma ja igiya a wani ɓangare na 'yan watanni saboda tsuntsaye na kwanci. Nakan tsallake igiyar in ɗebi busasshen itace. Abokina ya ce ba laifi, wai babu mai ikon keɓe ƙasa bayan Manzon Allah (SAW).

Amsa: Ɗan'uwa, ziyarar halal ce. Abin da ya tsayar da ni shi ne igiyar. Ba a rufe maka dajin ba, ɓangare aka rufe, na wani lokaci, don amfanin kowa. Tsallake ta bai halatta ba.

Abokinka ya dogara da hadisin "babu hima sai ga Allah da ManzonSa" (hima ita ce ƙasar da aka keɓe, aka hana mutane kiwo a cikinta), kuma akwai malaman da suka taƙaita keɓewar ga Annabi. Amma ra'ayin mai rauni ne. Abin da hadisin ya rushe shi ne al'adar Jahiliyya, inda mai ƙarfi zai killace makiyaya don dabbobinsa shi kaɗai. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, wani wurin kiwo a yankin Madina, don dawakan Musulmi. Bayansa Sayyidina Umar ya keɓe wani wurin kiwo mai suna Rabaza, sahabbai suna raye. Shin abokinka ya fi su fahimtar hadisin? Duba ma umarnin da Umar ya ba mai tsaron himarsa, Hunayyu: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibnu Aufu da na Ibnu Affan, waɗanda attajirai ne cikin sahabbai. Ka ga shugaba yana da ikon cewa wane ya shiga, wane ya dakata, muddin maslaha ce ba son rai ba.

Kada kuma ka ce ai mataccen itace ne. A cikinsa ƙwari suke hayayyafa, tsuntsaye su ci, in ya ruɓe ya koma taki. Tsuntsuwar da ke kwanci a ƙasa in an yawaita firgita ta sai ta bar ƙwanta su huce. Yawan taku kuma yana danne ƙasa, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta shaƙe.

Kuɗin shiga da ka biya bai saya maka itace ba. In buƙata ce ta matsa maka, nemi izini a rubuce daga masu kula da wurin, kada ka sa wa mai gadi wani abu a hannu, wannan rashawa ce. Kuma kada ka kunna wuta ko ka yar da guntun sigari a ciki, musamman lokacin da ganye ya bushe.

Wallahu a'alam.