Ku Tambaya Mu Amsa: Gidan zane na Kwatano da ba a biyan ko dala

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gajiya ina iyali. Ni matashi ne daga unguwar Zango nan Damagaram, sana'ata rubuta allunan shaguna da zane a bayan kamiyo, amma in na samu sarari ina yin nawa na kaina a kwali. Wani direba da nake yi wa aiki ya ce min lokacin da yake zuwa Kwatano ɗaukar kaya ya taɓa shiga wani gida cike da zane-zanen mutanen yanzu, ba na gwamnati ba ne kuma ba a karɓar ko dala a ƙofa. Don Allah gaskiya ne? Wa ya kafa shi, kuma da me suke riƙe shi tunda ba riba? Mu biyar ne masu zane a fadarmu, kullum wajen shayi maganar kenan.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Direban nan bai yi maka ƙarya ba, gidan da yake nufi shi ne Fondation Zinsou, an buɗe shi a Kwatano a 2005, wadda ta kafa shi kuwa wata yarinya ce a lokacin, Marie-Cécile Zinsou, shekarunta ba su ma kai 25 ba. A Faransa ta tashi, ta dawo ƙasar kakanninta Benin tana koyar da yara marayu, sai ta so ta kai su su ga aikin masu zanen ƙasarsu na yanzu, ta duba ta duba babu inda za ta kai su, alhali ayyukan mutanen nan suna can rataye a Turai baƙi na kallo. Daga nan abin ya samo asali, kuma wallahi wannan wurin ne ya fi taɓa min zuciya, domin ba don ƴan yawon buɗe ido aka fara ba, don yaran gida aka fara.

Wanda suka buɗe gidan da aikinsa shi ne Romuald Hazoumè, mutumin Porto-Novo, kuma kai da kake Damagaram za ka gane aikinsa tun kafin Bature ya gane. Jarkar esansi yake ɗauka, irin wadda ƴan ruwa-ruwa ke ɗaurawa a bayan babur, can su kpayo suke ce wa man da ake shigowa da shi daga Najeriya, sai ya yanke saman jarkar ya kafa ta a bango, mariƙin ya zama hanci, bakin da ake zuba mai ya zama baki a buɗe, ya ƙara ɗan gashi ko tsumma, kana kallo sai ka ga fuskar mutum tana kallonka, ka tuna samarin da ke ɗaukar wutar nan a bayansu saboda abin da za a ci. Jarkar da muke tsallakewa kullum a bakin tasha.

A ƙarshen 2006, shekara ɗari da rasuwar sarki Béhanzin na Dahomey, tsohuwar masarauta a ƙasar Benin, masu gidan Zinsou suka aro kayan fadarsa daga gidan tarihi na Quai Branly a Paris, kayan da sojan Faransa suka kwashe a 1892, mutum wajen 275,000 suka je gani cikin ƴan watanni. To ina masu cewa talaka bai damu da irin wannan ba? Kayan sun koma Paris bayan nan, sai a Nuwamba 2021 Faransa ta maido guda 26. A 2013 kuma suka buɗe gida na biyu a garin Wida, cikin wani tsohon gida da aka gina a 1922, Villa Ajavon, suka gyara shi bai rasa kamanninsa ba.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ɓoye maka ba, dangin Marie-Cécile masu hali ne. Mahaifinta Lionel Zinsou babban ma'aikacin harkar kuɗi ne a Faransa, har ya yi firaminista a Benin daga 2015 zuwa 2016, kuma aljihun gidansu ne ya ɗauki nauyin farko, daga baya masu taimako suka shigo. Ma'anar ba riba shi ne duk abin da ya shigo cikin aikin yake komawa, albashin ma'aikata da wuta da fenti, ba mai raba shi ya sa aljihu. Saboda haka kar ku ce za ku yi daidai da su, ba ku da wannan ƙarfin kuma ba laifi ba ne.

Abin da nake so ku ɗauka a wajensu wanda bai kai gini tsada ba shi ne ba su zauna jiran mutane ba, bas suke aikawa lakwal-lakwal ta kwaso yara kyauta, akwai mai yi wa yaro bayani a gaban kowane zane, a ba shi buroshi shi ma ya gwada, suka kuma buɗe ƙananan ɗakunan karatu cikin unguwanni. Ku biyar kuna iya samun zaure ɗaya, ku shafe shi da farar ƙasa ku rataya aikinku, ku je ku gaida mushen lakwal ɗin unguwa ku roƙe shi ya kawo aji ɗaya ranar da ba karatu. Za a ce muku zane ba namu ba ne, sai ku kai mai faɗa cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya ɗaga kai ya dubi zanen da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje, wasu ruwan sama na cinye su kowace damina muna kallo, ya dubi aikin dukawa a jikin fata da zayyanar allon mai sauka. Ku fara gaida mai unguwa kafin komai, ku samu kaye guda ku riƙa rubuta ko dala nawa ta shiga ta fita tun ranar farko, in kun rataya na farko ka aiko min da hoto ta WhatsApp ɗin mujalla in sa a wannan shafin.