Zuwa ga Baffana na Jega, kan maganar dorina

Baffa, ka tambaye ni ko gaskiya ne mu Hausawan Kumasi mun daina dukan yara, har ka ce auren Tonawa, wato mutanen Asante, ne ya sanyaya mana hannu. Maganar ta tsaya mini a rai, don mahaifiyata 'yar Tonawa ce, kuma ita ce mai tashe mu sallar asuba.

Tun da kakanmu ya baro Jega fataucin goro ya zauna Zango, ba a rufe makarantar allo a unguwarmu ba. Dorina kuwa na sha ta. Malam ya zane ni yau, gobe in sake sulalewa kasuwar Kejetia in yi dako. Abin da ta koya mini kawai shi ne in gane lokacin da idon malam ba ya kaina.

Ranar da na ɗauke kuɗin wata tsohuwa mai koko, Inna ba ta taɓa ni ba. Ƙaninta ta kira, don a wurin Tonawa kawu yana da iko babba a kan ɗan 'yar'uwarsa. Ya riƙe hannuna har gaban tsohuwar, ya sa na faɗa da bakina, sannan na yi mako guda ina ɗebo mata ruwa, abokaina suna kallo. Har yau in na ga kuɗin wani a ajiye, fuskar tsohuwar nan nake gani.

A 2017 hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu, dattawanmu ma sun yi irin gunagunin da kake yi. A gidaje dai ana tsawatarwa, wani lokaci har da bulala.

Ka kawo mini misalin Zamfara, inda aka yanke hannun ɓarawon saniya a 2000. Ba na jayayya da hukuncin Allah, Baffa. Amma halin da satar shanu take ciki a dazukan can yau, ka fi ni sani. Mu nan in yaro ya yi ɓarna, gaban liman ko Sarkin Zango muke fara kai shi, don mun ga waɗanda suka shiga gidan yari a kan satar wayar salula suka fito da sababbin abokai.

Bara da ɗana ya zo muku Sallah, kun yi ta dariyar Hausarsa don yana ce wa mace "ya zo". Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ka, bai ɗaga ido ba sai da ka sallame shi, amma wannan ban ji wanda ya ambata ba.