Ciwon zuciya ya hana Baba barci

Tambaya: Salam Likita, mahaifinmu ne ke fama da ciwon zuciya, dare ya yi sai juye-juye har asuba, kuma ba ya son ƙarin ƙwayoyi. Akwai wata dabara? Daga ɗiyarsa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikissalam, Allah ya ba Baba lafiya. Dabaru akwai, amma fa taimako ne kawai, kar ya ajiye maganinsa. Bayan isha'i ya kishingiɗa, ya ja numfashi a hankali ta hanci yana ƙirga 4, ya sake shi ta baki yana ƙirga 6, kamar minti 10, hakan na rage gudun bugun zuciya. Sai ya ɗan matse yatsun ƙafa ya saki, ya hau sha-raɓa, hannu, kafaɗa, ba tare da riƙe numfashi ba. Karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa ma yana kwantar da hankali sosai.

Goro da shayin mai shayi kuwa daga la'asar a haƙura, na san dattawanmu da goro sai addu'a. In yana shan maganin da ke sa yawan fitsari irin su Lasix ku tambayi likitansa lokacin sha, yawanci da safe ne, don kar fitsari ya hana shi barci. Amma in kwanciya ce ke sa shi haki har sai ya tara filo, ko ƙafa na kumbura, ku kai shi asibiti kar ku jira.