Gidan Gonar Kaka: A Rushe Ko A Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Kakanmu ya bar mana gida a gonarsa can bayan Mirriya. Ginin ƙasa ne, da zaure, da soraye biyu, da rumbuna uku. Tun da Allah ya yi masa rasuwa babu mai kwana ciki sai ƙanen mahaifinmu, shi ma da damina kawai. Bangon gabas ya tsage, soro ɗaya yana yoyo. Yayyena biyu sun ce a rushe a yi na bulo da kwano, ni kuwa raina bai so ba. Ko gwamnati za ta iya sa shi cikin kayan tarihi, ta hana rushe shi, ta kuma taimaka da kuɗin gyara? Daga wani ɗanka a Zango, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta.

Doka dai akwai ta. Tun 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi, kuma ma'aikatar al'adu ke lura da ita. Kana iya kai takarda ofishinsu na jiha, babu mai hana ka. Amma kada ka ɗora ranka a kai. Tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006, har yau suna jiran layi, alhali Agadas ta samu shiga jerin kayan tarihi na duniya a 2013. Kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Satumba na 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 170, ya zube bayan ruwa mai yawa. In masallacin da duk gari ke kallo bai tsira ba, gidan gona a bayan Mirriya sai dai masu shi.

To, ga abin da ke hannunka. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne da rashin mutum a ciki. Ban yi mamaki da ka ce bangon gabas ne ya tsage ba, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, wannan bangon ne ke shan dukan ruwa kowace shekara. Kafin ka taɓa shi, hau saman soron ka dubi indararo. Sau da yawa za ka tarar ya toshe da ƙasa da ciyawa, ko ya karye ruwa na bin jikin bango. Ka sauko ka dubi gindin ginin: in ruwa na kwanciya a wurin, a cike da ƙasa a yi masa gangare. Tsagewar kuma, ka shafa ɗan laka a kanta ka bar ta wata guda. In lakar ta tsage, bangon na motsi ne, sai an kira magini ya tokare shi. In ba ta tsage ba, cikewa da yaɓe sun isa.

Abin da nake roƙonka da shi, kada ka yarda a shafe bangon da siminti. Na san ana yi, kuma ranar da aka gama abin sai ya ba ka sha'awa. Amma siminti ba ya kama ƙasa. Da ya ɗan tsage ruwa zai shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, tubalin ya yi ta jiƙa a ɓoye, wata rana a ga ɓangare guda ya faɗo da siminti da bangon gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa da kashin dabbobi aka bari ya ruɓa, a bi shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, shi ne rigar da aka ɗinka wa wannan gini. Ana sabunta ta ne da rani, kafin ruwan farko.

Soron da ke yoyo, a sa wuƙa a soki azarorin ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa na kakanni suka daɗe haka. Wadda ta ruɓe ita kaɗai za a canza. Ko da ƙarshe aka rushe wani ɗaki, kada a bar kowa ya yi girki da tsofaffin azarori, don yanzu samun irinsu sai da wuya da kuɗi.

Yayyenka kuwa ba su yi laifi ba. Mai neman kwano gudun yaɓen kowace shekara yake yi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ka tambaye su wa zai iya ƙailula ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da soro ke da sanyi ba fanka ba lantarki. Ni da za ku ji tawa, a yi musu ɗakin bulo a gefe, nesa kaɗan don ruwan kwanon kada ya zuba a gindin tsohon bango, a bar zaure da sorayen yadda suke.

Tunda gidan gado ne, kada ka kashe ko dala ɗaya kafin ku zauna da ƙanen mahaifinku da mai gari, a rubuta abin da aka shirya. Hukumar filaye ta ƙauye, wadda ake kira kofo, tana ba da takardar shaidar gona, ku nema. Sannan ku samu wanda zai zauna a gidan rani da damina, ko da mai tsaron gona ne da iyalinsa. Shi zai ga yoyo tun yana ɗigo.

Ka kai tsohon magini wurin kafin watan Mayu, ka kuma rubuto mini abin da ya ce game da bangon gabas.